Ranar da Titi Ya Je Gaishe da Shitu

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Shitu Na-Ciyaman. Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ana sayar da cika baki a mudu, da tuni Shitu ya gina bene.

Asalin sunan kuwa ba wani abu ba ne. Wata rana tayar motar Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ta sace a gaban rumfar Hudu mai faci, Shitu ya ruga ya riƙe wa Ciyaman lema har aka gama liƙi. Shi ke nan. Tun daga ranar ba a sake shan iska a garin nan ba. "Ni da mutumina." "Jiya nake ce wa mutumina." Ko tari aka ji Ciyaman ya yi a rediyo, sai Shitu ya girgiza kai ya ce, "Sai da na hana shi ruwan sanyi."

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta tashi da babban shiri. Za a gina sabuwar sakatariya mai hawa uku, a gyara tsakiyar gari, a yi shataletale mai feshin ruwa. A garin da famfo ya shekara bai ɗiga ba! Za kuma a ja titi daga kasuwa har ƙofar sakatariyar. Safiyo, masu awon ƙasa, suka zo da abin hangensu, suka kafa turaku masu jan kai a jere cikin fili, suka koma birni. Mai shela ya zaga da lasifika: duk wanda ya taɓa turken gwamnati, gidan yari zai kwana.

Turakun nan ta can gefen rumfar Hudu suka bi. Gidan Shitu kuwa yana ɗaya bakin filin, ko ƙurar titin ba za ta kai masa ba.

"Na-Ciyaman," in ji Hudu, yana buga taya da guduma, "yaya mutuminka ya kawo wa mai faci titi, ya bar amininsa a lungu?"

'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Shitu ya gyara hula.

"Kai dai yi ta liƙe-liƙenka. Titin nan har ƙofar gidana zai zo ya gaishe ni. Shaguna zan jera a gaban zaure, kai ma ka zo neman haya, in ce sai na yi shawara."

Ya faɗa dai, amma abin ya tsaya masa a wuya. Sai ga ranar aza harsashin sakatariya. Aka ce za a raba shinkafa da lemon kwalba. Gari ya ɗunguma wurin taron kaf, har kaji suka rasa mai kora. Shitu ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Tsit. Ya tattare babbar riga, ya shiga fili. Tuge! Tuge! Ya tumɓuke turakun tsakiyar layin, ya karkato da su sannu a hankali kamar bakan gizo, ya kafa su daf da bangon zaurensa. Ya ja baya ya duba, baki har kunne. Ga bakin titi, ga ƙofar gida.

Da yamma mutane suka dawo, kowa na sakace haƙori. Hudu ya tsaya turus.

"Kai! Turakun nan tafiya suke yi?"

"Magana ɗaya na yi wa mutumina a kunne," in ji Shitu. "Ya ce, Shitu, don wannan ma sai ka taso da kanka?"

"To ai ba mu gan ka a wurin taron ba."

"Ku da ke layin shinkafa ina za ku ga na cikin rumfar manya?"

Wasa wasa mutane suka fara yarda. Masu gaishe shi a tsaye suka koma rusunawa. Mai nama ya riƙa ƙara masa tsoka. Matarsa Hansai ce kaɗai ta ce, "Malam, ni fa turakun nan ba su kwanta mini ba." Ya ce ta bar maganar gwamnati ga waɗanda suka san gwamnati.

Safiyo ba su sake waiwayar garin ba. Ɗan kwangila kuma daga birni yake aikinsa ta waya. Ranar fara aiki sai ga katafila, gir-gir-gir, ƙasa na rawa. Shitu ya ci ado, ya sa kujera a ƙofar gida, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Katafila ta biyo turaku, ta sha kwana, ta miƙo. Ta miƙo dai. Shitu ya ga bakinta ya saiti zaurensa sak.

Ya miƙe zumbur. "Kai direba! Matsa can! Ba ka ga turke ba? Nan ne bakin titi!"

Direba ya leƙo. "Baba, wane bakin titi? Turke ai tsakiyar titi ne. Rabi dama, rabi hagu."

"Hagu? Hagu ai gidana ne!"

"To ni turke nake bi. Ko rijiya ya shiga, ciki zan bi shi."

Shitu ya dafe kai. Gumi ya karyo masa har cikin hula. Kafin ya haɗiye yawu sai ga jiniya, wiii-wiii! Ciyaman ne da kansa ya zo buɗe aiki, da 'yan sanda, da ɗan jarida riƙe da abin ɗaukar magana.

"Alhamdu lillahi!" in ji Hudu da ƙarfi. "Ga mutuminka nan. Ranka ya daɗe, ga amininka da ya roƙa aka kawo titi ta gidansa!"

Ciyaman ya dubi Shitu sama da ƙasa. Bai taɓa sanin an halicci wannan fuskar ba. Amma ya ga taro, ya ga ɗan jarida, sai ya buɗe hannuwa ya rungume shi.

"Da kansa ya roƙa?"

"Da bakinsa ya gaya mana!" jama'a suka amsa. "Kowa shaida ne!"

Ciyaman ya karɓi lasifika. "Jama'a, kun ga kishin gari! Wasu ana bin su da diyya suna kai mu kotu. Wannan bawan Allah shi ya kawo gidansa da kansa, kyauta, don ci gaba!"

Tafi raf-raf-raf!

Shitu ya matso kusa da Ciyaman. "Ranka ya daɗe, turakun nan fa... ni ne na..."

Wani sajan mai ƙaton ciki ya sa kunne, ankwa na lilo a ƙugunsa. "Kai ne ka me? Wani ya taɓa turken gwamnati ne?"

Shitu ya dubi ankwa. Ya dubi zaure. Ya sake duban ankwa.

"Cewa na yi... ni ne na fi kowa murna."

"Madalla!" in ji Ciyaman. "A ƙara tafa wa aminina, Malam... Malam Sabitu!"

Rugum! Zaure ya zauna. Rugugum! Ɗakin Shitu ya bi bayansa. Hansai ta fito a guje, tukunyar miya a hannu, zakara a hammata. Da ƙura ta lafa, ba abin da ya rage sai ɗakinta da makewayi, shi ma babu bango ɗaya.

Hudu ya tako a hankali, ya rusuna har ƙasa.

"Malam Sabitu, titin ya samu gaishe ka kuwa?"

Hansai ta dire tukunya, ta amsa masa.

"Gaisuwa? Ai ba a zaure ya tsaya ba. Har ɗaka ya shiga, ya bi ta kan gadonsa ya wuce!"