Yaƙin Haladu na Ceton Kunkuru

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali da masu neman sa, ku ji hikayar Haladu ɗan Sallau, ɗan Barau Mai Rediyo, ɗan Ilu wanda ya fara taɓa ƙwan lantarki a garin Funtuwa, ya ƙone yatsa, bai yi kuka ba sai da ya shiga gida. Tsatso ne na mazajen da ba su taɓa ganin abu mai murfi sun bar shi a rufe ba. Barau ya kwance rediyo tara a zamanin daularsa, ya mayar da bakwai, sauran biyun ya ce dama ajalinsu ne ya zo. Sallau ya gaji sukundirebarsa, ya ƙara da taurin kai. Daga wannan nasaba mai albarka Haladu ya fito, mai gyaran rediyo da talabijin a bayan tasha, na Kulu dodon wayoyi, mai narka dalma ba ya ƙifta ido, gwarzon da wuta ta ja sau goma sha ɗaya kuma duk sau goma sha ɗayan ita ta fara saki.

Amma ba'adu, a cikin taskar wannan sadauki akwai wata tsohuwar na'urar wasa, mai madannai kamar keken rubutu, wadda ake jona wa talabijin. Wani kawunsa ne ya kawo ta daga ƙasar waje shekara arba'in da suka wuce. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rasuwa, sunan da ke jikinta ma ya goge, don haka ake kiranta Kunkuru, saboda wasanninta a kaset suke, kuma kafin ta ɗauko ɗaya daga kaset ɗin mutum zai iya zuwa kasuwa ya yi ciniki, ya yi faɗa, a raba, ya dawo.

To, ashe a faɗin duniya akwai wata al'umma wadda ba ta yarda na'ura ta mutu ba. Kamfani ya rufe, masu shi sun tsufa, su kuwa waɗannan bayin Allah suna zaune a ɗakunansu suna ƙera wa tsofaffin na'urori sababbin wasanni, babu wanda ya aike su. Kowace na'ura da ƙabilarta, kowace ƙabila tana ganin sauran ɓatattu ne. Akwai kuma wani mutum a wata ƙasa mai sanyi, wanda bisa dukkan alamu ba shi da gona, ya ɗora wa kansa aikin ƙidaya: ya buɗe jadawali a intanet, ya jera na'urorin daga mai yawan wasannin gida zuwa mai ƙaranci.

Wannan jadawali ne Isiyaku Mai Walda ya zo da shi teburin mai shayi wata Talata da hantsi. Isiyaku abokin Haladu ne tun firamare, kuma abokin gabarsa tun ranar da ya sayi wata baƙar na'urar wasa ta daban, ya shiga ƙabilarta.

"Haladu, albishirinka," in ji shi, yana ɗaga wayarsa sama.

"Goro."

"An yi ƙidaya. Mu wasanni ɗari takwas da sittin da uku gare mu."

"Ku? Wanne ka rubuta a ciki?"

"Ba wannan ake tambaya ba. Ka san ku nawa gare ku? Huɗu. Ba ɗari huɗu ba, huɗu, ƙafafun jaki. Kuma ga sanarwa a ƙasa: duk na'urar da ba ta cika biyar ba zuwa ƙarshen wata, za a share sunanta a zuba ta cikin layin da ake kira *da sauransu*."

Da sauransu! Haladu ya san wannan rami. Ya sha jin sa a sanarwar ɗaurin aure a rediyo, inda ake kiran alhazai ɗaya bayan ɗaya da sunayen unguwanninsu, sannan a tattara wanda ya yi dakon kujeru da wanda ya kwana uku yana hidima a ce da sauran 'yan uwa da abokan arziki. Sau biyu aka taɓa jefa shi can, kuma har yau bai yafe ba. Yanzu ga shi za a jefa Kunkuru, wadda ya yi wa jinya shekara talatin, ya canza mata waya, ya kore mata kyankyaso, ya lulluɓe ta da tsohon zanin matarsa duk damina.

Sai gwarzon ya miƙe, ya bar rabin burodinsa a faranti, abin da tarihi bai taɓa rubuta masa ba, ya ɗaga murya har kajin tasha suka watse:

"Kafin watan nan ya mutu, Kunkuru za ta cika biyar!"

Mai shayi ya ce, "In ɗauke kofin?"

Ranar nan aka buga tamburan yaƙi. Haladu ya saki labulen shagonsa, ya zaro littafin koyar da na'urar daga ƙasan akwati, littafin da aka rubuta da harshen da ba ya ji, wanda kuma ɓeraye suka riga shi karanta kashi ɗaya cikin uku na ƙarshensa. Bai karaya ba, domin jinin Barau ba ya buƙatar bayani kafin ya ɓata abu. Ya tsara wasa wanda duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba: kasuwar Funtuwa ranar cinta, da motocin auduga, da 'yan dako, da masu awo, ga akuya tana satar tumatir, ga mai tumatir na bin ta da sanda, mai wasa kuma shi ne akuyar.

Kunkuru ta saurari wannan buri duka, ta amsa da cewa ƙwaƙwalwarta ta cika. Aka sadaukar da motocin auduga. Ta ce ta cika. Aka sallami 'yan dako da masu awo, aka rushe rumfuna, aka tashi kasuwar baki ɗaya ba tare da sanarwa ba, har ya rage akuya, da mai tumatir, da tumatir ƙwaya ɗaya tak. Sanda ma sai da aka karɓe. A nan ne Kunkuru ta yarda a yi sulhu.

Sannan aka shiga gumurzun Layi na Arba'in, wanda masana ke lissafawa cikin manyan faɗace-faɗacen da aka taɓa yi a bayan tasha. Duk sa'ad da Haladu ya ba da umarni wasa ya tashi, sai na'urar ta ce akwai kuskure a layi na arba'in, ta yi shiru kamar surukar da aka ɓata wa rai. Kwana uku yana kai hari ta gaba da ta baya, ya goge, ya sake rubutawa, ya yi mata lallashi, ya yi mata barazana da 'yan gwangwan, ya buga teburi har ƙusoshi suka yi tsalle. A rana ta huɗu bayan azahar ya kama maƙiyin da idonsa: waƙafi ne guda, ɗan mitsitsi, ya zauna inda aya ya kamata ta zauna.

"Na gan ka, munafuki!" Haladu ya daka tsawa, ya soke shi da yatsa ɗaya.

A wajen labule kuwa rediyoyin jama'a sun taru kamar gawarwakin da aka rasa mai binnewa. Wani tsoho ya yi sawu biyar yana neman tasa don ya ji labaran duniya, a na shida ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyaran a unguwar Jabiri, ya bar saƙon da ba za a iya rubuta shi a littafin tarihi ba. Haladu ya ji, ya ce kowane yaƙi da asararsa.

Ranar ashirin ga wata aka ɗauke wuta, layi ɗari biyu suka tafi lahira a ƙiftawar ido, domin Kunkuru ba ta riƙe komai in ba a zuba shi a kaset ba. Sai a lokacin babban kwamandan ya tuna cewa ba shi da kaset. Ya sake rubuta layukan a takardar siminti, ya fita farauta. Ya zaga shagunan garin kaf, duk inda ya tambaya sai a dube shi kamar wanda ya zo neman kuɗin wuri. Wani ya nuna masa memorin waya, wani ya tambaye shi ko lafiya.

Kaset ɗaya ya rage a duk daularsa, yana cikin kwabar matarsa Kulu, malamar firamare, mace mai magana ɗaya. Kaset ɗin bikinsu ne, kuma a cikinsa akwai muryar mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce, tana sa musu albarka tana dariya. Kulu kan saka shi sau ɗaya a shekara, ta rufe ƙofa. Haladu ya tsaya gaban kwabar nan da la'asar, Kulu tana maƙwabta, hannunsa ya kai ga marfin. Amma bai buɗe ba. Ya janye shi, ya zauna bakin gado ya jira ta, kuma a duk yaƙin nan wannan ne kaɗai abin da ya yi wanda ya cancanci kirari, shi ya sa babu wanda ya yi masa.

Da ta dawo ya yi bayani, ya kawo tarihin ƙabilu, da ƙidaya, da wulaƙancin da ke cikin da sauransu. Ta saurare shi har ƙarshe tana tsinke zogale.

"Malam, kaset fuska biyu gare shi," in ji ta. "Ɗauki bayan, inda Kawu Mamuda ya yi jawabi. Shekara ashirin da biyu ina neman wanda zai shafe min shi."

"Allah ya yi miki albarka, Kulu."

"Amin. Amma in ka taɓa gaban, inda muryar Inna take, kai da Kunkuru sai ku nemi wani gidan."

Ya mayar da layukan cikin Kunkuru, sannan sau bakwai ya duba fuskar kaset ɗin kafin ya danna. Haka jawabin Kawu Mamuda, na minti arba'in da biyar a kan haƙuri, ya yi shahada, aka binne shi ƙarƙashin wani ƙara mai kama da kukan kyanwar da aka taka wa wutsiya, wanda shi ne harshen da Kunkuru ke ajiye wasa da shi. Muryar Inna ta tsira. Kulu ta saurara da kunnenta, ta karɓe kaset ɗin da zarar ya naɗi ƙarar a wayarsa.

Ranar ashirin da tara ga wata ya aika wa mai ƙidaya ƙarar, haɗe da wasiƙa mai shafi uku wadda ta fara da sunayen kakanninsa, ta ambaci dokar cika biyar sau huɗu, ta ƙare da gargaɗi. Sannan ya yi wanka, ya sa hular Juma'a ranar Laraba, ya koma teburin mai shayi ya zauna a tsakiyar benci, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

Bayan kwana uku amsa ta iso, gajeriya, cike da ladabi. Mai ƙidaya ya gode, ya ce ya gwada wasan a kwamfutar zamani mai kwaikwayon tsofaffin na'urori, ya tashi, an karɓa. Ya ce zuwan wannan wasa ne ya sa ya buɗe tsofaffin huɗun a karo na farko, sai ya tarar biyu daga cikinsu wasa ɗaya ne aka sa wa suna biyu. Saboda haka uku ne, da na Haladu huɗu. Ya ƙara da cewa ita dokar cika biyar, shi har ya manta ya taɓa rubuta ta, yana godiya ƙwarai da aka tuna masa, kuma ya riga ya aiwatar.

Haladu ya buɗe jadawalin. Ya gangara har ƙasa. Ya sake hawa, ya sake gangarowa a hankali, ko Kunkuru ta maƙale a wani wuri.

Da yamma Isiyaku ya zo shago yin ta'aziyya. Ya cire takalmi, ya zauna.

"Sai haƙuri," in ji shi. "To, a kunna mana mu gani mana, tun da an sha wahala."

Haladu ya jona wayarsa a jikin Kunkuru, kyanwa ta shiga kuka. Suka jira. Mai rake ya wuce, ya dawo. Daga ƙarshe talabijin ya yi baƙi, ya yi kore, sai ga dunƙule biyu masu kusurwa huɗu sun bayyana, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, da wani ɗan ɗigo a tsakaninsu.

Isiyaku ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Haladu, wanne ne akuyar?"

Magajin Barau, mai kashe waƙafi, wanda ya tashi kasuwa guda da yatsa ɗaya, ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya daɗe yana dubawa.

"Danna madannin hagu," in ji shi. "Wanda ya motsa, shi ne."

Isiyaku ya danna. Tumatirin ya motsa.