Rasuwar Baƙin Sa, Amfilifayan da Inna ta Zaɓa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ya rasa wurin zama, ni Habu mai kifi, na sabuwar unguwar bakin dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji, a madadin iyalina da duk wanda katangarsa ta haɗu da tamu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amfilifayanmu, wanda aka fi sani da Baƙin Sa. Ya cika ranar Talatar makon jiya da hantsi, cikin daminar bana ta 1996, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta kai awa ɗaya ba. Ya yi shekara tara a hannunmu. Shekarun da ya yi a ƙasar waje kafin ya iso, mai shago bai faɗa ba, ni kuma ban tsananta bincike ba.

Na so in ce Allah ya jiƙansa, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe wannan addu'ar. To, Allah ya ba mu haƙuri mu da muka rage, wannan kam bai hana ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ya kamata in faɗi yadda ya shigo gidanmu. Tun ina saurayi na taɓa shiga silima a Kano, na fito da ciwon da bai warke ba: ina son wannan ƙarar a cikin ɗakina. Da Allah ya hore bidiyo da talabijin, sai na kai kukana wurin Sabo mai gyaran rediyo na Kwanar Dangora. Shi ya koya mini cewa kayan sauti na manya biyu suke tafiya. Akwai siririn akwati mai maɓallai da yawa, wanda masu sana'ar ke kira firi. Shi ke karɓar sauti ya tace shi, ya rage nan ya ƙara can, amma ba shi da ƙarfin ko tada kaza. Sai kuma amfilifaya, maɓallinsa ɗaya tak, bai iya komai ba sai ɗaukar abin da firi ya gyara ya ɗaga shi sama. Sabo ya ce kada in yarda da lambar da aka rubuta a jikin kwali, kada fitilu masu rawa su ruɗe ni, kuma duk wanda na iya ɗagawa da hannu ɗaya in ajiye musu abinsu.

Sau huɗu ina zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano ina dawowa hannu rabbana. Na ɗaga wannan, na sunsuna wancan, na ji waƙar Indiya ɗaya sau talatin har na tsane ta. Kowanne aka kunna sai in ji ya fi na baya, in an koma na bayan kuma sai in ji shi ne. Masu shaguna suka fara ɓuya in sun hango hulata.

Zuwa na biyar da mahaifiyata na je, Inna Baturiya, ba don kayan sauti ba. Kunnenta ne ya yi nauyi, na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce tsufa ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne 'yarta Hajara, ƙanwata, wadda ta bi mijinta Jidda shekara uku kafin nan. Hajara ba ta rubuta wasiƙa, kaset take cikawa da magana ta ba masu tahowa. Inna ta tara guda biyar, ba ta ji ko kalma ɗaya a ciki ba. A hanyar komawa tasha na ce ta ɗan huta a benci a wani shago, ni kuma na koma halina. Tana zaune tana kallona ina ɗaga ƙarafa, can sai ta kwance bakin zaninta ta miƙo kaset.

"Kai Habu, tunda abin naku na ihu ne, su sa mini wannan."

Aka sa a na farko, mai fitilu ja da kore. Ƙara har maƙwabta suka leƙo. Inna ta ce, "Niƙa ake yi a bayan nan?" Aka sa a na biyu, ta ce tana jin mutum amma kamar daga cikin rijiya. Sai mai shago ya yi tsaki, ya kira mutum biyu suka jawo wani baƙin abu daga ƙarƙashin kanta, ba ado, ba fitila sai ɗaya ja. Ya haɗa shi da firi, ya rage gurnani, ya ɗan murɗa maɓallin da ke fito da bakin magana. Bai ma kai ƙarar na farkon ba. Inna ta dafa benci ta miƙe tsaye.

"Hajara ce! Wallahi Hajara ce! Mura take yi, ku ji hancinta."

Ban sake ɗaga komai ba. Abin da aka bayar a kansa ba a faɗa a gaban gawa, amma san nomana bai ga damina ta gaba a gidana ba, shi ya sa marigayin ya gaji sunansa.

Halayensa na kirki ba sa ƙirguwa. Bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba, abin da aka faɗa shi yake faɗa, sai dai da ƙarfi. In an kunna shi yakan yi ɗan "tuk", ya yi shiru na numfashi biyu kamar dattijo mai gyara zama, sannan ya fara aiki. A finafinan Sin, in aka kai wa mutum naushi, kwanukan Asabe matata sai sun amsa daga jere. Ranar da jirgin ƙasa ya wuce a wani fim, akuyar maƙwabcinmu ta tsinke igiya, sai a bakin ruwa aka kamo ta.

Aibinsa ɗaya, kuma gaskiya ta sa a faɗa: ba ya riƙe sirri. Duk kaset ɗin da ya zo daga Jidda, unguwa gaba ɗaya ke saurara. Kowa ya san ranar da aka cire wa mijin Hajara haƙori, kowa ya san wa aka aiko wa turare wa aka manta. Da labari ya kai wa Hajara, maimakon ta ji kunya sai ta mai da abin sana'a. Takan gama da Inna, sannan ta bi gida gida tana gaisuwa da suna, har da yi wa wasu faɗa a kan rashin aiko mata da daddawa. Mata sukan bar daka su tsaya a bakin katanga jiran a zo kansu. Inna kuwa tana kan tabarma a gaban sifika, tana amsawa, tana musu, wani lokaci tana share ido da gefen mayafi tana cewa hayaƙin janareto ne.

Yanzu ga yadda ajali ya zo, kuma a nan nake roƙon a riƙe amana. Inna ta ɗauki marigayin tamkar jika. Kullum in ta taɓa bayansa ta ji ɗumi sai ta ce yaron nan zazzaɓi gare shi, ba a kula da shi. Na sha gaya mata ramukan da ke samansa hancinsa ne, ta nan yake shan iska. Amma Inna abin da ta ga dama take ji.

Ranar Talatar an wayi gari da yayyafi, iska mai sanyi tana tasowa daga dam. Saƙo ya zo cewa wani matafiyi ya bar mana sabon kaset a shagon Sabo, na hau babur na tafi. Inna ta kasa haƙuri, ta sa Asabe ta tada janareto ta sa mata tsohon kaset, wai ta wasa kunne kafin in dawo. Da Asabe ta koma madafi, Inna ta dubi bawan Allah yana aiki cikin wannan sanyi ba ko riga, tausayi ya kama ta. Ta ɗauko gwadonta na saƙi, wanda ta fito da shi daga tsohon garinmu kafin ruwan dam ya ci shi, wanda ko ni ba ta taɓa lulluɓa wa ba. Ta ninka shi biyu, ta rufe marigayin ruf, ta cusa gefe da gefe don kada iska ta shiga. Sannan ta ƙara murya.

Asabe ta ce Hajara na tsakiyar ba da labarin tsadar kuka a Jidda sai aka ji "fuuu", aka ji "tas", sai ƙauri. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Sabo ya buɗe cikinsa ya daɗe yana kallo, ya cire hula ya mayar. Ya ce tiransifoma ta dahu, abin da ke kewaye da ita ya narke, irin kayan kuma ko a Kano sai an dace.

Mun gaya wa Inna tsufa ne ya kashe shi. Ina roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya gyara mata wannan zance. Wanda ma ya yi niyyar gulma ya sani sai ya ɗaga murya har a ji shi a garin Ƙofa kafin ta fahimta, don haka za mu kama shi.

Marigayin ya bar matarsa ɗaya tilo, Firi, tana takaba a kan kanta, fitilarta na kamawa amma ba ta ce wa kowa uffan. Ya bar sifika huɗu, biyu manya biyu ƙanana, da dek na kaset, da bidiyo, da talabijin wanda yanzu 'yan fim ke ta motsa baki a cikinsa kamar kifi a kwando. Ya bar janareto, wanda aka fara zargi kafin bincike ya wanke shi. Ya bar tsaka ɗaya da ta yi shekaru tana jin ɗumi a bayansa. Ya kuma bar tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, da sabon kaset ƙulle a bakin zaninta yau kwana tara.

Ba mu zauna haka ba. Sabo ya aro mana wani ɗan ƙarami mai walƙiya, Inna ta saurara ta ce a shigo da shanya, ruwa ya sauko. Mun gwada lasifikar masu biki, ta ce wannan mai tallan maganin basir ce, ba 'yarta ba. Na ce to ta kawo in saurara, in faɗa mata a kunne kalma kalma. Ta harare ni.

"Labari na ce maka ina nema? Muryarka ta ishe ni tun kana zanin goyo. Tata nake so."

Tun ranar tuwonta ke dawowa da saura, ni kuma raina ba daɗi, ba zan ɓoye ba.

Game da jana'iza: gawa tana shagon Sabo, an yi mata wanka da buroshi. Iyali sun amince a cire abin da ke da sauran amfani a jikinta a taimaki wasu marasa lafiya. Za a ɗauko ta ranar Juma'a bayan la'asar, a kai ta makwancinta a ƙarƙashin gadona. Zaman makoki kwana uku ne a ƙofar gida. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar shinkafa.

Abu ɗaya muke roƙo. Duk wanda ke da amfilifaya a Bebeji ko Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa, irin wanda sai da hannu biyu da bismilla ake ɗaga shi, ya ara mana na yamma ɗaya. Ni zan zo in ɗauka, ni zan mayar, da bandar kifi a kai, kuma na yi alkawari ko hankici ba zai hau bayansa ba. Dalilin gaggawar shi ne, ranar da na karɓi kaset ɗin na ɗan gwada shi a rediyon Sabo don in tabbata bai lalace a hanya ba. Hajara ta yi sallama, ta ce, "Inna, kina ji na?" Sannan ta yi shiru mai tsawo, ta bar wa Inna wurin amsawa. A nan na kashe.

Har yau ba a amsa mata ba.