Iyayena Na Neman Izinin Yin Aure

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rajistar Aure na gundumarmu, mai riƙe da hatimi, wanda aure ba ya zama aure sai ya gani ya yarda.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ba a cika samunsa a kujerarsa ba, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, waɗanda na tabbata takardunsu cikakku ne.

Sunana Idir. Ni ne babba cikin 'ya'ya biyar na Bihi da Tuda, mutanen wani ƙauye a kan duwatsun Atlas. An ɗaura musu aure shekara arba'in da shida da suka wuce, yadda ake ɗaura wa kowa a can a wancan zamani: liman ya karanta Fatiha, aka ba da itacen zaitun biyu sadaki, aka yanka akuya, aka yi rawa har aka gaji. Ba wanda ya rubuta komai, don mai rubuta aure mafi kusa sai an yi tafiyar yini a kan alfadari kafin a same shi. Ofishinka bai halarci bikin ba, kuma na lura har yau bai yafe musu ba.

Baba ya yi aikin haƙar ma'adinai har ƙura ta cinye masa huhu. Likita ya ja ni gefe kwanakin baya ya ce kada mu sa rai zai ga ƙarshen sanyin bana. In ya rasu babu takardar aure, fanshonsa zai bi shi kabari, ɗakuna biyun da kamfani ya ba shi a gari su koma hannun kamfani, Inna kuma ta zama wata baƙuwa da ta daɗe a gidan mutane. Wannan ne ke hana shi barci, ba tarin ba. Shi ya sa muka zo gare ku, shi ya sa kuma nake roƙon izinin jero 'yan ƙorafe-ƙorafe.

Na ɗaya. Ma'aikacinka na tagar farko ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a tabbatar da tsohon auren da shaidu goma sha biyu waɗanda suka ga bikin da idonsu. Na yaba da wannan ƙa'ida, don tana nuna kyakkyawan zaton da hukuma ke yi wa tsawon ran talakawanta. Na hau dutse neman shaidu. Yawancinsu na same su wuri guda, a bayan masallaci, kwance a jere suna fuskantar alƙibla. Masu rai huɗu ne. Na farko kuka ƙi shi, wai yaro ne a lokacin. Na biyu ya tuna naman akuyar ya yi tauri, amma bai tuna wa ya auri wa ba. Na uku ya rantse wan Baba ne angon. Na huɗu, Si Assu, ya tuna komai har launin ɗamarar amarya, don shi ya fara nemanta aka hana shi. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ni in sauka gari in rantse ta auri Bihi? Yaro, ni fa har gobe ban amince ba. Ka ce mata in hukuma ta ce babu aure, ina nan inda ta bar ni." Ranka ya daɗe, a duk faɗin ƙasar nan kai da Si Assu ne kawai ra'ayinku ya zo ɗaya game da auren iyayena.

Na biyu. Muka koma hanya ta biyu, wato a ɗaura sabon aure. A nan aka ce kowannensu ya kawo takarda daga mai unguwa cewa ba shi da aure. Mai unguwarmu, Si Mubarak, shekara ashirin yana cin kuskus ɗin Juma'a a gidanmu. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya ce, "Haba Si Idir, ku ji tsoron Allah. In rubuta Lalla Tuda budurwa ce, bayan jikarta ajinsu ɗaya da autata? Da wane ido zan dubi liman?" Ina tambaya cikin ladabi: a taga ta farko an ce aurensu bai isa aure ba, a ta biyu an ce ya yi yawa. Akwai wata taga a tsakani da ba a nuna mana ba? Takardar haihuwata, wadda hukumar nan ce ta buga mata hatimi, ta ce Bihi ne ubana, Tuda ce uwata. Ta yaya kuke zaton abin ya faru?

Na uku. Takardar likita. Doka ta ce a duba lafiyar ango da amarya kafin aure, mun kuwa bi doka. Likitan da ya ce in shirya wa mutuwar Baba shi ne ya sa hannu cewa ba abin da zai hana shi aure. Da za mu fita, wata ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta kai ƙanwata ta ƙarshe shekaru ba, ta zaunar da su ta yi musu bayanin ba da tazarar haihuwa, don wai ba a sallamar masu shirin aure sai sun ji. Inna ta saurara har ƙarshe, hannu a haɓa, sannan ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ina kike lokacin da nake goyon biyu da cikin na uku?" Baba ya yi dariya har sai da aka sa masa abin shaƙar iska. Wannan dariyar dai muna godiya da ita.

Na huɗu. Takardar haihuwarsu sai daga inda aka haife su, kuma tana lalacewa bayan wata uku. Kafin ta likita ta fito, ta haihuwa ta mutu, sai na sake hawa dutse. Na karanta tarihi daidai gwargwado, ban taɓa cin karo da mutumin da ya sake wurin haihuwarsa a cikin wata uku ba. In an taɓa samu a gundumarmu, ina roƙon a sanar da jama'a.

Na biyar, wannan yabo ne. Aka yi wa Si Mubarak canjin wurin aiki, aka kawo wani matashi daga bakin teku wanda bai san kowa ba. Bai ɗaga kai ba ya sa hannu. Abin da sanin shekara ashirin ya hana, rashin sani ya gama shi kafin shayi ya huce. Yanzu a hukumance ubana tuzuru ne, uwata budurwa. Sai dai da na kai takardun, ma'aikacinka ya duba adireshi ya ga gida ɗaya ne. Ya sassauta murya ya ce, "Ka gargaɗe su fa, doka ba ta son namiji da mace su zauna tare babu aure." Na isar da gargaɗin. Inna ta ce, "To ka ce wa tsohon nan ya tattara ya koma gidan ubansa, kada ya ɓata mini suna." Tana faɗa tana shafa masa man zaitun a ƙirji.

Na shida. Aka ba mu rana. Ofishinka yana hawa na uku, na'urar hawa kuwa ta daɗe da yin ritaya. Na roƙi a sauko a ɗauki sa hannun ango a mota, aka ce dole ya bayyana da kansa a gabanka. A garinmu, kamar yadda ka sani, amarya ake ɗauka a kafaɗa ranar biki ana guɗa. Mu ango muka ɗauka, a kan kujerar roba, ni da ƙannena biyu da wani ɗan dako da ya tausaya mana. A kowane hawa sai mun tsaya ya nemi numfashi. Amarya na biye da mu da farar jallabiyarsa a hannu, wadda ta wanke ta goge, don ta ce ba za a ɗaura mata aure da mutum cikin rigar asibiti ba. Matan da ke layi suka gane abin da ake ciki, suka saki guɗa tun daga ƙasa har sama. Muka iso ƙofarka. Sakatarenka ya ce ba ka nan, ka tafi ɗaurin aure.

Allah ya sa albarka a wancan auren, ya ba su shaidu masu tsawon rai.

An sake ba mu rana, wadda ba za ta zo ba sai bayan an fita sanyi. Ranka ya daɗe, ranar da ka ba mu da wadda likita ya ba mu ba su jitu ba, kuma ban san wanda zan kai wa ƙara ba, don shi wancan ofishin ba ya ɗage zama.

Saboda haka buƙatata ɗaya ce, ba ta kuma taɓa doka ba. Ranar Alhamis mai zuwa zan kawo su ƙofar ginin nan, in ajiye mota a ƙarƙashin tagarka. Takardunsu duka da ransu a yanzu. Ina roƙon ka sauko da hatiminka. Na san matakalar na da wahala, na auna ta da ubana a kafaɗa, amma sauka ta fi hawa sauƙi.

In ka leƙo ranar ba ka gan mu ba, kada ka damu kanka. Inna za ta zo daga baya, cikin fararen kayan takaba, da takarda ɗaya tak, ta shaidar mutuwa, daga ofishin da ke maƙwabtaka da naka, wanda ba ya neman shaidu goma sha biyu. A jikin takardar za a rubuta cewa mamacin bai taɓa aure ba. Sai ka taimaka ka faɗa mata, a hukumance, ko wa take yi wa takaba.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka girma, ya ɗaukaka ofishinka, amma don Allah kada ya wuce hawa na uku.

Naka mai biyayya, mai jira a ƙasa,

Idir ɗan Bihi,
ɗan farin wani tuzuru da wata budurwa.