Ranar da Manya Suka Koya wa Ɗahiru Tattali

Jama'a, ku yi mini barka. Ran Talatar da ta wuce na yi asarar naira dubu huɗu da yini guda da takalmi ƙafa ɗaya, duk a wajen koyon yadda ake tattalin kuɗi. Tun da na dawo nake ta dariya ni kaɗai, har maiɗakina Zakiyya ta fara tambayar maƙwabta ko sun san mai ruƙiyya.

Ga yadda aka yi. Ɗan ƙanwata Ɗahiru, mai shekara ashirin da ɗaya, bana ne ya fara noman rani na ƙashin kansa a fadamarmu ta Boyekai. Allah ya dafa masa, albasa ta yi kai, ya sayar da buhu tara, ya rungumi dubu ɗari biyu da saba'in. Yaron da bai taɓa kwana da dubu ashirin tasa ba. Tun ranar tafiyarsa ta sauya, yana takawa kamar wanda ya haɗiye taɓarya. Ya zo ya zayyana mini shirinsa: zai sayi waya mai ido uku, sauran kuma ya zuba a wani kamfani na cikin waya, inda za ka ba su dubu hamsin ran Litinin su maido maka da dubu ɗari ran Juma'a.

Na ce, "Ɗahiru, mutanen ga, in sun iya sa kuɗɗi haihuwa haka, mi za su yi da naka?"

Ya ce, "Kawu, kai dai zamani ya wuce ka."

To, ana cikin haka sai ga shela cewa wasu manya masu ƙaunar matasa sun shirya gagarumar bita a Achida, za a koya wa yara riƙon kuɗi, har da kuɗin mota dubu ashirin ga duk wanda ya halarta. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Tunda ya raina maganar kawunsa, bari ya ji daga bakin masu babbar riga. Na biya mana mota daga aljihuna, muka isa tun hantsi.

Wuri ya yi wuri. Rumfuna shida, kujerun haya, ga wani ƙyalle da aka buga hoton babban baƙo, kansa kaɗai ya kai girman ƙofar zaure. Kalmar tattali tana can ƙasa, sai ka tsuguna kake iya karanta ta. Muka zauna. Aka yi azahar muna zaune. Sai wajen ƙarfe uku Mai Girma Gagarabadan Alkawari, Uban Matasa na Gabas da Yamma, ya iso cikin motoci goma sha ɗaya. Na ƙirga da bakina. Ɗaya daga ciki ba ta ɗauko kowa ba sai kujerar da zai zauna. Kuma har aka tashi ba a kashe ko ɗaya ba, don kada sanyin ciki ya huce kafin ya gama yi mana nasiha.

Ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya ce, "Ya ku matasa, ku daina kashe kuɗi a kan abin da ba dole ba." Muka tafa. Ni har na fi kowa tafi, don ban taɓa ganin mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi cikin irin wannan kwarjini ba. Maroƙi ya wasa shi, Mai Girma ya liƙa masa abin da ya kai kuɗin takin kadada guda, ya koma ya zauna.

Sai aka gabatar da masani, wanda aka ɗauko daga birni takanas, sanye da kwat cikin wannan zafi namu. Ya zo da na'urar haska rubutu a bango, amma janareta ya ce shi ma yana tattali, babu mai a cikinsa. Masani ya share gumi ya yi da baki. Ya ce sirrin arziki shi ne ka raba albashinka gida uku: rabi na buƙatun gida, kaso talatin na shaƙatawa, ashirin na ajiya.

Wani saurayi mai faci daga Rara, Shafi'u, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, rabon mun gane shi. Shi albashin ina aka samo shi? Mu hwara daga nan."

Masani ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, za a kafa kwamiti a kanta.

Daga nan aka zo babban darasi. Aka jera mu, kowa ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi dubu ashirin, sannan a miƙa masa ambulan a ce kada ya buɗe sai ya fita, saboda tsaro. A turmutsitsin shinkafar da aka raba a bakin ƙofa takalmina ya yi nasa wuri. Da muka kai tasha muka buɗe: naira dubu ɗaya, sabuwa fil, tana ƙamshi. Mota ta ci mana dubu shida zuwa da dawowa, ku yi lissafin da kanku.

Muna jiran mota ta cika muka raɓe a rumfar Inna Larai mai soya kifi, wadda ta shekara talatin a wannan tasha, kuma da kaskonta ta gina ɗaki uku ta karantar da 'ya'ya mata biyu. Ta dubi ƙafata ɗaya ba takalmi, ta dubi ambulan, ta yi dariya har ta kusa ƙona kifi. Na ba ta labarin Ɗahiru da kuɗinsa.

Ta ce, "Ɗana, matso. Nawa kac ce ka samu?"

Ya faɗa.

Ta ce, "Ba naka na ba duka. Akwai na iri, akwai na taki, akwai na man injin ban ruwa. Waɗanga kuɗɗin gona na, ajiya ta ba ka. Hidda su tukuna, abin da ya rage shi an naka." Ta jawo gwangwanaye uku daga ƙarƙashin benci ta nuna masa. "Wanga uwar kuɗɗi ta, ko ana mutuwa ba ni taɓa ta. Wanga na tuwo. Wanga na adashe. Da yayyahi kogi ka cika."

Ya ce, "Inna, ai kamhwanin nan suna biya. Abokina ya amsa."

Ta ce, "Mai kamun kihi ma yana ba da tana kyauta. Maƙwabcinmu Atiku ya sai da saniya ya zuba musu tun bara. Har yau Juma'arshi ba ta zo ba."

Ɗahiru ya ƙura wa gwangwanayen ido. Muka shiga mota, ya riƙe ambulan ɗinsa yana jujjuyawa har muka yi nisa. Can sai ya taɓo ni.

"Kawu, mutumin ga da yab ba ni ambulan, na ga huskarshi, na san hularshi, gabanai nis sa hannu kan ashirin, kuma ɗaya yab ba ni."

Na ce, "Haka anka yi."

Ya ce, "To ina ga waɗanda ban taɓa ganin ko inuwarsu ba?"

Wallahi na so in sauka in taka rawa a gefen titi da takalmi ɗaya. Wata guda ina wa yaron nan wa'azi a banza, sai ga shi Mai Girma ya warkar da shi da ambulan guda, cikin minti biyu, a aikace. Wannan shi ne gwanintar shugabanci. Wani sai ya tsaya bayani, shi kuwa ya nuna.

Ranar kasuwa Ɗahiru ya ware dubu ɗari da hamsin na gona, ya damƙa wa uwarsa ta kulle a akwati, ya ce ko shi ya zo yana kuka kada ta ba shi kafin lokacin shuka. Ya sayi tunkiya mai ciki, ya shiga adashen masu albasa, ya sayi waya ta hannu mai ido ɗaya, wadda in ka kira ta take amsawa kamar kowace waya. Ban yabe shi da yawa ba, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma na ga yana yi wa wani babur kallon da ban yarda da shi ba.

Saboda haka, a madadin ni da ƙanwata da tunkiya, ina miƙa godiya ga Gagarabadau da tawagarsa, Allah ya ƙara motoci. Na ji ƙishin-ƙishin cewa bita ta gaba a kan gaskiya da riƙon amana ce. Zan je, in Allah ya so. Roƙona dai a sanar da ni da wuri, in ɗinka riga marar aljihu.