Yadda Na Zubar da Zoɓon Sunan Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da yinin sunan ɗan Yaya Sani ba, kuma ko na so in manta, matan garinmu Paki ba za su bar ni ba.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin sinadarai a Zariya. Aikin da malamina ya ba ni ba na kwalabe da wuta ba ne, na kwamfuta ne. Kowane sinadari yana da wani dogon rubutu na haruffa da lambobi da ke nuna yadda gininsa yake. Sai in kwafo rubutun daga jerin da Malam ya ba mu, in liƙa a manhaja, ita kuma ta kwatanta shi da sinadaran da aka riga aka san halinsu, ta faɗi hasashenta: wannan zai iya taɓa hanta, wancan zai iya jawo ciwon daji. Kore na nufin babu abin zargi, ja na nufin a yi hattara. Ni nawa rabon shi ne abubuwan da muke ci kullum, su kuka da zogale da zoɓo. (Wata uku kacal na yi a kan aikin, amma in kun ga yadda nake rataya jakar kwamfutar nan sai ku rantse ni na ƙera ta.)

Ranar sunan da safe, na riga na sa leshina, na ce bari in ƙarasa layi biyu kafin in tafi tasha. Na zo kan sinadarin da ke ba zoɓo launinsa, na kwafa, na liƙa, na danna. Allon ya yi ja. Ciwon daji, ja. Lalata ƙwayoyin gado, ja. Na sake dannawa har sau uku, bai canza ba.

Shekara biyu kafin nan ciwon daji ya ɗauke ƙanwar Inna, kuma ni na yi jinyarta, na ga yadda ta koma kamar ba ita ba. Ga shi ba ta da abin sha sai zoɓo. Inna ma haka. Ni kaina da shi aka yaye ni. Na fara shafa wuyana ina neman ƙari, har na ji kamar na samu ɗaya. Sai kuma na tuna jiya Inna ta ce mini ta dafa zoɓo manyan robobi biyu saboda baƙi.

Na kira Malam, bai ɗauka ba. Na ɗauki hoton allon na tura masa, na ruga tasha.

A motar Ikara ban ga hanya ba. Mun wuce gonakin raken Makarfi ina ta lissafa mutanen da na taɓa miƙa wa kofin zoɓo da hannuna. Wata mata a gefena ta sayi na leda ta taga, na ce, "Baiwar Allah, don girman Allah kada ki sha." Ta kalle ni sama da ƙasa, ta huda ledar da haƙori.

Motar ta daɗe ba ta cika ba, sai da la'asar na isa gida. Tsakar gida cike da mata, ana ta guɗa, ga robobin zoɓo a gindin darbejiya da ƙanƙara tana yawo a kai. Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, ga tsohon ciki, tana zaune da kofi a hannu. Ban yi sallama ba, ban durƙusa wa kowa ba, na fizge kofin.

"Kowa ya ajiye zoɓon nan! Guba ne!"

Guɗar ta tsaya. Inna ta taso tana gyara ɗaurin zani. "Ke, lafiyarki? Gidan cike da iyayenki, ko gaisuwa babu?"

"Inna, na gwada a kwamfuta. Yana kawo ciwon daji. Shi ya kashe mana Inna Ƙarama."

Da na ambaci marigayiyar sai fuskar Inna ta sauya, ta nemi wuri ta zauna. Maman Rifkatu ta dafe cikinta. "Yesu! Kofi uku na sha. Yaron fa? Me zai samu yaron?" Mai jego ta fashe da kuka daga cikin ɗaki, wata tsohuwa ta koma bayan rumbu tana cusa yatsa a maƙogwaro. Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, ita kaɗai ce ba ta motsa ba.

"Shekarata saba'in ina shan abin nan," in ji ta.

"Gwaggo, a hankali yake ci," na ce. (Ku ji ni fa, kamar wadda ta yi shekara ashirin tana bincike.)

Da hannuna na kifar da robobin biyu. Jan ruwa ya bi kwata har waje, duk wahalar Inna ta kwana biyu, da citta da kanumfari da abarba.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Malam ne. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida ta zo, na buɗe sautin yadda kowa zai ji, na ɗaga wayar sama.

Bayan mun gaisa ya ce, "Na ga hoton da kika turo. Kin duba rubutun da kika liƙa kuwa?"

"Na zoɓo ne, Malam."

"Ba na zoɓo ba ne. Layin ƙasansa kika kwafo. Wannan sinadarin baƙin hayaƙi ne, irin na taya in an ƙona ta. Ni na saka shi a jerin da gangan, don mu tabbatar manhajar tana gane mugun abu. Da bai yi ja ba, shi ne hankalinmu zai tashi. Na saka na zoɓon yanzu, kore ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ko da shi ne ya yi ja, sau nawa zan gaya muku kwamfuta zato take yi? Sai an kai ɗakin gwaji kafin a buɗe baki. Ina fata dai ba ki gaya wa kowa ba?"

Ina jin ɗigar ragowar zoɓo a kwata. Na so in kashe wayar, yatsana ya ƙi.

Gwaggo Asabe ta matso, ta kai bakinta kusa da wayar. "Malam, barka da yamma. Ai ta gaya wa kowa."

Maman Rifkatu ce ta fara dariya, hawayen tsoro bai bushe mata ba. Daga nan gidan ya ɗauka. Inna kuwa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, wanda ya fi komai ciwo. Cewa kawai ta yi, "Je ki gaida iyayenki ɗaya bayan ɗaya, sannan ki ɗora tukunya."

Haka na bi mata sama da talatin ina durƙusawa, kowacce tana tambayata ya karatu. Sannan na tsuguna gaban murhu cikin leshina ina hura wuta. Baƙin da suka zo daga Kurmin Kogi da ɗuminsa suka sha zoɓon, don ƙanƙarar ma na zubar.

Abin da na koya bai da yawa. Kwamfuta tana amsa tambayar da aka yi mata ne, ba ruwanta da wadda aka yi niyyar yi. Yanzu in allo ya yi ja, kaina nake fara tuhuma kafin in tuhumi abincin mutane. Kuma in malaminku ya kira kuna cikin taro, ku kara wayar a kunne.