Ranar da Na Shanya Irin Teku

Ba zan taɓa mantawa da gwangwanin madarar nan ba, ko da tsufa ya kwashe min komai. Har yau in na ji an girgiza gwangwani mai tsaba a ciki, sai abin da ya faru ya dawo min sabo.

Lokacin ina karatun akanta a Manchester, a shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu. Ana ta rufe ɗakunan karatu na unguwa, ƙananan ƙungiyoyi kuma suna mutuwa kamar kajin da annoba ta shiga. Wadda nake taimaka wa ranakun da ba ni da darasi ƙungiya ce mai dasa ciyawar teku, wato ciyawar da ke fitowa a ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa, 'ya'yan kifi su ɓuya a ciki, ta kuma riƙe ƙasa kada ruwa ya cinye ta. (Kada ka tambaye ni me ƙungiyar teku take yi a garin da ba teku. Haya ce ta fi sauƙi a bayan wani sito a Cheetham Hill.)

Anti Rabi ce ta kai ni. Bakatsiniya ce, ilimin teku ta karanta, kuma ita kaɗai ta rage mai albashi bayan an sallami sauran. Duk bazarar nan ita da 'yan sa-kai, yawancinsu tsofaffin Turawa, sun yi ta zuwa gaɓar Wales suna shiga ruwa mai sanyi har ƙugu suna tsinko ciyawar da ta yi 'ya'ya. Aka zuba ta a wani babban tanki na ruwan gishiri a ofis, ana jira ganyen ya ruɓe, irin ya zube ƙasa. Wannan iri shi ne duk abin da muka mallaka. Wata gidauniya a Birmingham ta ce in ta gan shi da idonta, za ta riƙe mu shekara guda, a dasa shi, aikin Anti Rabi ya tsira.

Ranar Juma'a ɗanta ya kwanta rashin lafiya, ta wuce Birmingham wajen ƙanwarta da shi. Ta kira ni a gurguje.

"Ƙanena, ka kular min da irin nan. Litinin ka kwaso shi ka same ni a meeting ɗin gidauniyar nan, ka ji?"

"Anti, kin manta ɗan wa kike magana da shi? A gona aka yanke min cibiya."

Ta yi dariyar gajiya ta kashe waya. Ta ɗauka na san abin da kowa a ofishin ya sani. Ni kuwa rasit kawai nake tarawa, ban taɓa leƙa tankin ba saboda wari.

Da na leƙa ranar Asabar, sai takaici ya kama ni. Ruwa ya yi baƙi, yana wari kamar kwatami, ga iri kwance a gindi. Na ce lallai boko ba wayo ba ne. Wane manomi ne yake ajiye iri a cikin ruwa? A garinmu ko yaro ya san iri shanya shi ake yi, in ya sha danshi ya tafi ke nan. Na ɗauko waya zan kira ta, sai na ajiye. Na ce tana fama da mara lafiya (gaskiyar magana kuwa so nake in ba ta mamaki).

Na zage damtse. Na tace shi da rariya, na ɗauraye shi da ruwan famfo har ya yi fes, na baje shi a kan jaridu kusa da hita. Lahadi na dawo na juya shi, na sheƙe shi da faranti, na tsince datti. Na zuba a gwangwanin madara, har da jefa busasshen barkono a ciki saboda ƙwari, yadda innata take yi. Wallahi ban taɓa yi wa wani aiki hidima irin wannan ba.

Litinin na hau mota zuwa Birmingham, gwangwani a cikin jaka, ina ji da kaina. Ɗakin taron ƙarami ne mai sanyi. Ga mutanen gidauniya a gaba da takardunsu, ga tsofaffin 'yan sa-kai sun biya kuɗin jirgin ƙasa daga aljihunsu sun zo. Anti Rabi ta tare ni a bakin ƙofa, idonta duk ya faɗa.

"Ina cooler ɗin? Ka bar shi a mota ne?"

"Ba a buƙatar cooler, Anti. Ki dai zuba ido."

Da aka zo maganar iri, ban jira an kira ni ba. Na miƙe, na gyara murya, na yi musu jawabi da Turanci a kan hikimar manoman ƙasarmu da yadda kakannina suke adana iri ya shekara. Sannan na ɗaga gwangwanin sama na girgiza shi don kowa ya ji yadda ya bushe.

Ba wanda ya tafa. Wata tsohuwa mai sandar dogarawa, wadda na san ta shiga ruwan nan da ciwon gwiwarta, ta sa hannu ta rufe bakinta. Anti Rabi ta karɓi gwangwanin, ta buɗe, ta zuba kaɗan a tafin hannunta. Barkonon ya biyo. Ta dube shi, sannan ta ce da ni da Hausa, a hankali, yadda ba wanda zai gane sai ni:

"Irin teku ba ya bushewa ya rayu. Ka kashe su duka."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Sai ta juya ta fuskanci mutanen, ta ce laifinta ne, ita ce ba ta yi min bayani ba. Ina tsaye da murfin gwangwani a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Mutanen gidauniya suka ce abin ya ba su tausayi, mu dawo in mun sami wani irin. Ciyawar kuwa sai wata bazarar take sake 'ya'ya. Kafin nan an mayar da makullin sito, Anti Rabi ta koma aikin kula da tsofaffi a Birmingham.

Na daɗe kafin na iya zuwa gidanta ba da haƙuri. Ta zubo min shinkafa da wake, ta saurare ni har na gama.

"Ya wuce, ƙanena," in ji ta. "Abu ɗaya ne yake ci min rai. Da ka kwanta ka yi barcinka wancan weekend ɗin, da yanzu sun tsiro."

Garin gyaran gira na cire ido, kuma idon ba nawa ba ne. Shi ya sa yanzu in aka ba ni ajiyar abin da ban sani ba, kuma na ji wata dabara mai kyau ta zo min, sai in kira mai kaya, in naɗe hannayena har ya ɗauki waya.