Tanimu Mai Walda da Tsirkiya Lamba Goma Sha Uku

Ku da ba ku san Tanimu mai walda ba, bari in gaya muku irin mutumin da Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da shi a Dilimi, nan cikin Jos. Rumfata ta facin taya tana jikin tasa, yau shekara tara ke nan. Mutumin kirki ne wallahi, ga hannu a sana'a, amma taurin kai kam sai dai a yi masa addu'a. A wajensa duk wani ƙarfe siriri ha'inci ne. Ka kawo masa aikin tagar banɗaki, sai ya zabga maka rodin da zai riƙe bene, kana ƙorafi yana cewa gata ya yi maka.

To wannan bawan Allah akwai abin da ke cin ransa, wato jita. Tun muna samari yake ɗan taɓawa, kuma ba laifi, in ya zauna da tsohuwar jitarsa ta katako bayan la'asar har masu wucewa sukan rage tafiya. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya tsaya a bayan Hajiya Ladingo, zabiyar da ba a bikin kirki a unguwarmu sai da ita, yana amsa mata waƙa da jitar lantarki. Kwatsam sai mai jitarta ya tattara ya koma Kaduna. Hajiya ta sa aka sanar cewa ranar Alhamis bayan azahar za ta gwada mutum uku a tsakar gidanta, wanda ya yi mata shi za ta ɗauka. Tanimu ya samu ya shiga cikin ukun. Ranar Laraba ya sayo jitar lantarki ta gwanjo, ja jawur, ya ce in rufe rumfa in raka shi wajen Baba Habila a sa mata sababbin tsirkiyoyi.

Baba Habila dattijo ne, ya haura saba'in, tun kafin a haife mu yake gyaran kayan kiɗa a wani ɗan shago bayan kasuwar Taminus. Ya karɓi jitar, ya kanne ido ɗaya ya leƙa wuyanta, ya ce lafiyarta ƙalau. Sannan ya zaro wani ɗan fakiti daga aljihun teburi.

"Lamba tara zan sa maka, ɗana. Na san waƙar Ladingo, sai jita tana kuka tana bin muryarta. Siririyar tsirkiya ce ke yarda ka tura ta sama da yatsa ta yi maka wannan kukan."

Tanimu ya zare guda ɗaya, ya ɗaga ta a haske, ya juyo ya dube ni.

"Gambo, don Allah dubi abin da ake so in shiga gidan Hajiya da shi. Wannan ai ko hankici ba za a shanya a kanta ba! Baba, wacce ce ta fi kauri a shagon nan?"

"Akwai goma sha uku, amma ba ta irin kiɗanka ba ce. Tauri gare ta, sai wanda ya daɗe da ita a hannu."

"Ita za a sa."

"Ɗana, gobe fa gwajin."

"Baba, ni da nake lanƙwasa rodi da hannu, waya ce za ta gagare ni?"

Tsohon ya zauna ya ɗaura masu lamba goma sha uku, ya daidaita sautinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗauko wani tsohon sulai ya zura tsakanin tsirkiya da ƙarafunan wuyan jita, sulan ya shiga cif. Ya ce tazarar da ake so ke nan, yadda yatsa ba zai sha wahalar dannawa ba. Ya jona ta da lasifika ya miƙa wa mai ita.

Mutumina ya ɗaga hannu ya sauke mata duka irin na guduma. Tsirkiyar ta taɓa ƙarfe ta yi wani zizzz. Nan take ya ɓata rai.

"Tana gogar ƙasa."

"Ba ita ce ta yi ƙasa ba, hannunka ne ya yi nauyi. Sassauta dukan."

"Baba, ni tunda nake ban taɓa kafa ƙofa ta gogi ƙasa ba. In ta goga, ɗaga ta ake yi. A ɗaga."

Baba Habila ya murɗa ƙananan kusoshin da ke gindin jitar, tsirkiyoyin suka ɗan tashi. Tanimu ya sake maka mata, ya karkata kai, ya ce da saura. Aka ƙara. Ya ce a ƙara dai. Wallahi tallahi ba a bari ba sai da ɗan ƙaramin yatsana ya kusa shigewa ƙarƙashinsu. Sannan ya yi murmushi ya ce yanzu ya ji aiki. Tsohon ya cire tabarau ya ajiye, ya dube ni.

"Kai mai faci, kana nan aka yi komai ko? To ka zama shaida, kada gobe a ce Habila ne ya tsufa."

Ni kam kunya ta kama ni kamar ni na yi. A hanya na yi ta lallaɓa shi, na ce ko da awa biyu ce ya zauna ya saba da ita kafin gobe. Ya ce a'a, sabuwar tsirkiya ba a ɓata mata haske, a gaban Hajiya za a buɗe ta. Da na matsa sai ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a roba me ya sani a harkar ƙarfe. Na ce shi ke nan, Allah ya kai mu.

Allah kuwa ya kai mu. Tsakar gidan Hajiya Ladingo ya cika, ga 'yan amshinta a kan tabarma, ga mai kalangu, ita kuma tana kan kujera da mafici a hannu. Na farko ya kaɗa, ba yabo ba fallasa. Na biyu ya fi shi kaɗan, amma ya riƙa wuce waƙar da sauri, har Hajiya ta harare shi sau biyu. Murna ta kama ni, na ce a raina yau fa ƙofa a buɗe take, don a tsohuwar jitarsa Tanimu ya fi su duka biyun.

Aka kira shi. Ya rataya jar jitarsa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga mini gira. Kalangu ya ɗauka, Hajiya ta ja baitin farko ta saki, ta bar masa fili ya amsa.

Wayyo Tanimu! Kafin ya danne tsirkiya ta sauko ta taɓa ƙarfe, mai kalangu ya riga ya yi gaba. Da sautin ya fito kuma, sai ya fito a karkace, ya haye sama da muryar Hajiya, saboda jan da tsirkiyar ta sha kafin ta iso ƙasa. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Aka zo wurin kukan nan da Baba ya faɗa, ya tura tsirkiya sama da yatsa, ko gezau ba ta yi ba. Ya ƙara yatsa na biyu. Ya ƙara na uku, ya haɗa da kafaɗa. Maimakon tsirkiya ta motsa, jitar gaba ɗaya ta tashi ta kusa bugun haɓarsa. 'Yan amshi suka toshe baki da gyale, kafaɗunsu sai rawa suke. Ni ina ta kallon takalmina, tausayinsa ya ishe ni, dariya kuma tana neman kashe ni.

A baiti na uku Hajiya ta ɗaga mafici, kalangu ya tsaya. Tanimu ya yi sharkaf da gumi, yana hura yatsunsa.

"Malam Tanimu, sannu da aiki. Ka gama, ko da saura?"

"Ranki ya daɗe, sabuwa ce, ba ta saki jiki ba tukuna. Amma ki duba ingancin kaya, Hajiya. Ki taɓa ki ji! Wallahi wannan tsirkiyar sai ta shekara goma ba ta tsinke ba."

Hajiya ta ci gaba da fifita abinta.

"Goma kacal? Ai ni na ba ta ashirin, tunda ba mai sake cewa ka taɓa ta."